Sheƙar Tsuntsaye a Birnin Katsina: Tarihin Wani Ilmi da Ke Neman Ɓacewa

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai, inda hunturu ke kaɗe ganye ya daskarar da ruwa, tsuntsaye sukan jira narkewar ƙanƙara kafin su fara neman juna da saƙar sheƙa, watau daga watan Maris zuwa na Yuni. Kallonsu a wannan lokaci ya daɗe da zama abin sha'awa a can, har ya haifar da wani reshe na ilmi. A 1914, alal misali, Julian Huxley ya buga sakamakon zaman da ya yi a bakin wani tafki a Ingila yana lura da zawarcin wasu tsuntsayen ruwa, kuma har yau ana lissafa wannan aiki cikin tubalan farko na nazarin ɗabi'un dabbobi.

A ƙasar Hausa kuwa ruwan sama ne ke yanke wa tsuntsu ranar aure. Yawancin tsuntsayenmu sukan jira ƙarshen bazara, sa'ad da iska ta juyo daga kudu, hadari ya fara haɗuwa a gabas, kana su shiga hidimar sheƙa, domin ƙyanƙyasa ta zo daidai da yalwar fara da tsutsa da ɗanyar ciyawa. Bahaushe ma ya daɗe yana kallon wannan hidima, sai dai shi bai ɗauke ta abin shaƙatawa ba. Da ita yake lissafin shekara, daga cikinta kuma ya ciro karin magana da kirari.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi tarihin wannan kallo a birnin Katsina, daga farkon ƙarni na 19 zuwa yau. Za mu yi ƙoƙarin nuna abubuwa uku: cewa Katsinawa sun mallaki ilmi na haƙiƙa game da sheƙar tsuntsaye, cewa fasalin birnin ne ya ba su damar samunsa, kuma cewa a cikin harshe suka adana shi. Idan haka ne, to sauyawar wancan fasali ta shafi mai nazarin harshe kai tsaye, domin akwai wani sashe na Hausa da ke shirin zama fanko, watau kalma tana nan, amma mai faɗinta bai taɓa ganin abin da take nufi ba.

2.0 Gari da Daji Cikin Ganuwa Ɗaya

Kafin a yi maganar tsuntsu, tilas a fara duba wurin da ya sauka. Baturen nan ɗan yawon duniya, Hugh Clapperton, ya biyo ta Katsina a watan Mayu na 1824 a kan hanyarsa ta komawa Kano daga Sakkwato. Ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske, amma gidaje sun ci ɗan ƙaramin yanki ne kawai na cikinta, sauran kuwa gonaki ne da kurmi. Bayansa Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya iso a watan Janairu na 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya kuma sake dawowa a 1853. Barth ya ƙiyasta kewayen ganuwar tsakanin mil 13 da 14, mazauna cikinta kuwa tsakanin 7,000 da 8,000, yawancinsu a kusurwar arewa maso yamma. Dalilan wannan ƙarancin jama'a sanannu ne ga masana tarihi: yaƙe-yaƙen jihadi na wajen 1807, da hare-haren da suka biyo baya daga Maraɗi, da kuma karkatar fatauci zuwa Kano.

Abin da masanin tarihi ke gani koma-baya, ga tsuntsu arziki ne. Birnin da ke da gonakin gero da dawa a cikin ganuwarsa, yana da dukkan abin da mai sheƙa ke bukata. Na farko, manyan itatuwa: kuka da rimi da tsamiya da ceɗiya da durumi, waɗanda Bahaushe ba ya saurin sarewa saboda inuwa da miya da magani. Na biyu, ruwa. Ginin ƙasa, tun daga ganuwa har ɗakin talaka, yakan bar ramuka inda aka haƙi ƙasar, kuma da damina waɗannan ramuka ne ke zama kududdufai masu cike da kwaɗi da ƙwari. Ga kuma rafukan Ginzo da Tille da lambunan da ke bakinsu. Na uku, abinci: shanu da ke ta da fara ga belbela, mahauta ga ungulu da hankaka, masussuka ga kurciya da hasbiya.

Wanda ya nemi shaida ban da ta baƙi, to ya duba sunayen unguwanni. Sararin Kuka da Kukar Gesa da Rimin Badawa suna ɗauke da sunayen itatuwa. Rafindaɗi da Rafukka suna ɗauke da ambaton ruwa. Irin waɗannan sunaye ba a raɗa su sai da dalili. Suna nuna cewa mutumin birni ya rayu ne a gindin itace da bakin rafi, ta yadda yaron da bai taɓa fita ta Ƙofar Guga ko Ƙofar Durɓi ba, yana iya ganin tsuntsun daji yana jidar kirare daga tsakar gidansu. Wannan kusanci shi ne makarantar ilmin da muke magana a kai.

3.0 Shamuwa da Lissafin Shekara

Babu tsuntsun da ya kai shamuwa matsayi a wannan makaranta. Baƙa ce mai farin ciki, doguwar ƙafa da dogon baki, nauyinta bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Takan iso ƙasar Katsina a watan Afrilu ko Mayu, daidai lokacin da ƙananan tsuntsayen da suka yi rani a nan suke kama hanyar ƙetare Sahara zuwa Turai don yin tasu sheƙar. Zuwanta ba ya ɓoyuwa, gama garke-garke take tafiya, tana shawagi a sama da tsakar rana kafin ta sauka a kan itacen da ta yi sheƙa bara.

Wanda ya zauna ya lura zai ga yadda al'amarin ke gudana daki-daki. Namiji ne ke fara kama wuri, yawanci tsohuwar sheƙa, ya tsaya a kai yana sunkuyawa yana kaɗa kai. A wannan lokaci fatar fuskarsu takan yi shuɗi sosai, da ɗan ja kusa da ido. Idan mace ta matso, sau da yawa yakan fara da korarta, sai ta yi haƙuri ta yi ta dawowa har ya saki jiki. Da yake shamuwa ba ta da muryar kirki, gaisuwarsu ita ce ƙwanƙwasa baki. Daga nan su biyu suke gyaran sheƙa da kirare da ciyawa. Takan yi ƙwai 2 ko 3, su yi ta karɓeɓeniyar kwanci wajen wata guda, sa'an nan 'ya'yan su yi kusan wata biyu kafin su tashi. Kafin a gama girbin gero, iyaye da 'ya'ya sun taru sun yi kudu.

Manomi ya karanta wannan jeri kamar yadda malami ke karanta lissafin taurari. Ganin shamuwa ta farko gargaɗi ne cewa a ƙarasa sharar gona da kai taki, a fito da iri, mai niyyar binne ya yi binne. Ba wai shamuwa ce ke kawo ruwa ba. Iskar da ke kawo ruwa ita take bi, shi ya sa ba ta cika yin ƙarya ba. Yara kuma suna da waƙoƙin da suke tarbarta da su, kuma ta wannan hanya ce sunanta da lokacinta suke shiga kan yaro tun kafin ya iya riƙe fartanya.

Sakamakon wannan matsayi shi ne kariya. A al'adar Hausawa ba a harbin shamuwa, ba a cin namanta, ba a taɓa ƙwanta, kuma gidan da ta zaɓi itacensa ana yi masa kallon mai sa'a. Wannan hani yana da gindi biyu. Ta fuskar addini, malamai sun san hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Ta fuskar noma kuwa, abincin shamuwa fara ne da tsutsa, watau maƙiyan shuka. A ƙasar da ta ɗanɗana yunwar Kakalaba ta 1914 da farin ɗango na shekarun 1930, ba a bukatar dogon bayani kafin a gane darajar tsuntsun da ke wuni yana tsintar fara a gona.

Abu ɗaya da idon mai zaune a gida ba zai iya gani ba shi ne inda take zuwa da rani. Amsar wannan ta fito sarari a 2006, lokacin da wasu masana 'yan ƙasar Denmark suka buga sakamakon bin sawun shamuwoyin da suka ɗaura wa na'ura a Jamhuriyar Nijar. Tauraron ɗan Adam ya nuna sun ratsa Nijeriya da tsakiyar Afirka har ƙasar Tanzaniya da kudu da ita, inda damina ke sauka lokacin da muke cikin rani. Ashe baƙuwar da ke kan kukar unguwa damina biyu take ci a shekara.

4.0 Abin da Ido Ya Gani, Harshe Ya Adana

Barth ya yaba wa Hausar Katsina, yana ganin a nan harshen ya fi wadata da daɗin furuci. Wani ɓangare na wannan wadata daga kallon tsuntsaye ya fito. Bari mu ɗauki misalai kaɗan, mu auna su da abin da bincike ya tabbatar.

Misali na farko shi ne kirarin nan, "Hankaka mai da ɗan wani naka." Bayanin da aka gada shi ne wai hankaka ba ya ƙyanƙyasar nasa, na wasu yake ɗaukowa ya raina. Mai ilmin zamani zai iya yin dariya, tun da an san hankaka yana yin ƙwai kamar kowane tsuntsu. Amma a 1977 P. J. Mundy da A. W. Cook suka buga binciken da suka yi a Sakkwato a kan sheƙunan hankaki. Sun tarar cewa akwai wani tsuntsu mai tukku da dogon bindi, mai ɗigo-ɗigon fari a baya, wanda masana ke kira Clamator glandarius, da ke faƙon idon hankaka ya saka ƙwansa a sheƙarsa. Hankaka ya yi kwanci a kai, ya ƙyanƙyashe, ya ciyar da baƙon tare da nasa. Ke nan wanda ya fara yin wannan kirari ya hau itace ko ya tsaya a gindinsa, ya ga hankaka na ciyar da ɗan da bai yi kama da shi ba. Ganinsa daidai ne. Inda ya kuskure shi ne wajen ɗora laifi, domin hankakan da ya ɗauka ɓarawo ne, shi aka cuta.

Misali na biyu belbela ce, wadda ake yi wa kirari da "ci da motsin wani", saboda bin shanu da take yi tana kama farar da sawunsu ya tayar. Wannan ma lura ce ta gaskiya. Da rani fara ce fat, amma da damina ta kusato sai gashin kanta da ƙirjinta da bayanta ya yi ruwan goro, alamar ta shirya aure. A sa'an nan sukan taru ɗaruruwa a kan itace ɗaya cikin gari, sheƙa kusa da sheƙa, da hayaniya da warin kashi da duk maƙwabta suka sani.

Na uku shi ne kabare, masaƙin tsuntsaye. Da bazara namijin yakan sauya riga, kansa ya yi baƙi, jikinsa ya yi rawaya. Shi kaɗai ke tsage ɗanyar ciyawa ko ganyen kaba siri-siri ya saƙa sheƙa mai kama da tulu, bakinta na kallon ƙasa, a ƙarshen reshe inda maciji ke shan wahalar kaiwa, kuma yana iya gamawa cikin yini guda. Da ya gama sai ya rataye a ƙarƙashinta, kai a ƙasa, yana kaɗa fukafukai yana kuka. Mace ta zo ta shiga ta duba. In ta yarda, ita za ta yi shimfiɗar ciki. In an ƙi sheƙar har ta bushe, shi da kansa zai warware ta ya sake wata. Duk wanda ya san yadda dangin amarya ke zuwa ganin ɗaki kafin jere, ba zai rasa abin murmushi a nan ba.

Na huɗu cilakowa ce, wadda tata dabarar ta fi ban mamaki. Macen takan shiga kogon itace, a liƙe bakin kogon da laka da kashi, a bar 'yar tsaga. A ciki za ta zubar da gashin fiffike, ta yi ƙwai, ta yi kwanci, namiji na miƙo mata abinci ta tsagar. Sai 'ya'ya sun tasa take fasa ƙofa ta fito, su kuma su sake liƙewa. Abin lura a nan shi ne, wannan tsuntsuwa ba ta da gida sai a tsohon itace mai kogo.

Na ƙarshe shi ne gauraka, wanda a wasu sassa ake kira kumare, mai tukku kamar zinariya. Shi ba a cikin gari yake sheƙa ba, a fadama yake tara ciyawa a tsakiyar ruwa da damina. Rawarsa ce ta sa ya yi suna: namiji da mace su fuskanci juna, su rusuna, su buɗe fukafukai, su yi ta tsalle. Kyansa ya sa sarakuna da attajirai suka riƙa ajiye shi a gida, kuma za mu ga abin da wannan ƙauna ta jawo masa.

Daɗin daɗawa, harshen yana da kalmomin da suka rarrabe matakan wannan hidima: sheƙa, kwanci, ƙyanƙyasa, tsako, ɗan shila. Ya kuma san cewa ba kowane tsuntsu ke bin damina ba. Ungulu, alal misali, da rani take sheƙa a ƙolin dogon itace, ƙwai ɗaya tak take yi, yayin da zabuwa ke cika kasuwa da ƙwai a tsakiyar damina.

5.0 Zuwan Masu Alƙalami

Ilmin da muka bayyana a sama na baka ne. Rubuta shi ya zo ta wata hanya dabam, da wani harshe dabam. Tun a 1823 wani masani a Berlin, Lichtenstein, ya raɗa wa shamuwa sunan kimiyya Ciconia abdimii, don tunawa da wani gwamnan Turkawa a ƙasar Sudan. Da wannan suna duniya ta san ta har yau, alhali mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna kwana ƙarƙashin sheƙarta suna da nasu sunan.

A 1885 da 1886 Ernst Hartert, Bajamushe masanin tsuntsaye, ya ratsa Zariya da Kano da Sakkwato tare da Paul Staudinger. A 1920 Angus Buchanan ya tashi daga Kano ya bi ta Damagaram zuwa Azbin yana tara tsuntsaye don gidan tarihin Rothschild da ke Tring a Ingila, inda Hartert ɗin ne ya yi nazarinsu. Hanyar aikin wancan zamani bindiga ce: a harbe, a feɗe, a busar da fata, a aika. Daga irin waɗannan tarin ne D. A. Bannerman ya wallafa babban littafinsa a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, juzu'i 8, tsakanin 1930 da 1951. Sai a 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, da ƙoƙarin J. H. Elgood da R. E. Sharland, wanda ya daɗe zaune a Kano. Daga nan tabarau mai hangen nesa ya maye gurbin bindiga, aka fara rubuta ranar zuwan tsuntsu da ranar ƙwansa. Mujallar ƙungiyar ce ta rikiɗa ta zama Malimbus a 1979.

Ta ɓangaren harshe, wanda ya fi kowa yi mana hidima shi ne G. P. Bargery, wanda ƙamusunsa na 1934 ya tattara sunayen tsuntsaye masu yawa, har da nuna karin harshen da kalma ta fito, ciki har da Katsinanci. Amma ƙamus suna yake adanawa, ba ya adana kallo.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, koguna biyun nan sun yi ta gudana kusa da juna ba tare da sun haɗu ba. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ta yaye malaman da suka riƙe makarantun Arewa, amma da Turanci aka karantar da su, kuma abin da maharbi ko manomi ya sani game da sheƙa bai shiga manhaja ba. Akwai ishara a cikin cewa tsuntsun da ya fi kowane shahara a rubutaccen adabin Hausa shi ne akun Magana Jari Ce, na Abubakar Imam, wanda shi ma ɗalibin wannan kwaleji ne. Aku kuwa tsuntsun kurmin kudu ne, a keji ya zo ƙasar Hausa. Shamuwa da ke bisa itacen makaranta ba ta sami irin wannan gata ba.

6.0 Sauyawar Birni

Daga tsakiyar ƙarni na 20 abubuwa uku da muka lissafa a sashe na biyu, watau itace da ruwa da abinci, suka fara janyewa. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe itatuwa sun busar da fadamu a duk faɗin Sahel. A tsakiyar shekarun 1980 aka yi feshin magani mai yawa don yaƙi da fara, wadda ita ce abincin shamuwa. Sa'an nan a ranar 23 ga Satumba, 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, birnin ya zama hedkwata. Gonakin cikin ganuwa suka zama unguwanni, ganuwar kanta ta zube a wurare da dama, siminti ya maye gurbin tubali, aka cike kududdufai da yawa aka yi gini a kai. Birnin da Barth ya ƙiyasta wa mutum 8,000, ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumarsa fiye da 300,000.

Ba a zauna hannu rungume ba wajen dashen itace. Dogon yaro, wanda Katsinawa ke kira bedi, ya shigo Nijeriya ta Barno a 1928, ya bazu har ya zama shi ne inuwar titunan birni, kuma shirin dashen itatuwa da Tarayyar Turai ta tallafa wa daga 1987 ya ƙara yawan shuke-shuke a jihar. Sai dai bedi ba kuka ba ne. Belbela da kabare suna iya karɓarsa, amma cilakowa kogo take nema, kogo kuwa sai itace ya tsufa. Ana iya dasa inuwa cikin shekara goma. Ba a dasa tsohuwar kuka.

Tsuntsaye biyu sun fi nuna girman asarar. Gauraka, wanda ake ɗauka tsuntsun ƙasa na Nijeriya, ya kusa ƙarewa ƙaf a dajin ƙasar, saboda bushewar fadamu da kamun da ake yi masa don sayarwa ga masu ajiyewa a gida. Matsalar ta kai har an yi taron ƙasa da ƙasa a kansa a Kano a 1992. Ungulu kuwa, wadda dā ba a rasa ta a kowace mahauta, a 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cinikin sassan jikinta don tsibbu na cikin manyan dalilai. An yi dokoki, tun daga ta kare namun daji ta 1916, da ta Jihar Arewa ta 1963, da ta tarayya ta 1985, amma babu wadda ta yi tasirin da hanin gargajiya ya yi wa shamuwa. Shi ma wannan hani yana rauni idan dalilinsa ya gushe, domin ma'aikacin ofis ba ya jiran shamuwa kafin ya san damina ta zo.

A nan ne al'amarin ya dawo kan harshe. Ɗalibin da aka haifa a birni bayan shekara ta 2000 yana iya kawo "Ungulu ba ki jewar banza" a jarrabawa, ya ci maki, alhali bai taɓa ganin ungulu na jewa ba. Ya haddace jimlar, amma hoton da ya haife ta ya kuɓuce masa. Karin maganar da ta rasa hotonta ba ta daɗewa a bakin mutane, daga nan sai littafi.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa kallon sheƙar tsuntsaye a Katsina tsohon ilmi ne, wanda birni mai gonaki da kududdufai da manyan itatuwa ya haifar, harshe kuma ya adana. Mun ga inda binciken zamani ya gaskata shi, da inda ya gyara shi, kamar yadda batun hankaka ya nuna. Mun kuma ga cewa yanayin da ya haife shi ya sauya cikin shekaru kaɗan.

Aikin da ya rage na masu karanta wannan mujalla ne, kuma ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Na farko, sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sauran manyan makarantun jihar su tura ɗalibai wurin tsofaffin maharba da manoma da makiyaya, a naɗi sunayen tsuntsaye da kirarinsu da lokacin sheƙarsu, tare da hoton kowane tsuntsu, domin a daidaita sunan Hausa da na kimiyya. Na biyu, masana harshe su haɗa hannu da masana halittu, musamman cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos da shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015, don sunayen Hausa su shiga cikin abin da ake rubutawa. Na uku, kowace makarantar firamare ta ajiye littafi guda, a riƙa rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa da ranar ruwan farko kowace shekara. Cikin shekara ashirin wannan littafi zai zama hujjar da masanin yanayi zai nema. Na huɗu, a ƙidaya tsofaffin kukoki da rimaye da tsamiyoyin da suka rage a birni, a ba su irin kariyar da ake ba Hasumiyar Gobarau da ƙofofin gari, gama su ma kayan tarihi ne.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Dattawan da suka san kukan kowanne da sunansa suna raguwa kowace shekara, saboda haka bazara mai zuwa ya kamata a fara.